Ina Aka Ɗebo Yashin, Ina Kuma Ruwan Zai Bi?

Kafin in je Legas ban taɓa ɗaukar yashi a bakin kome ba. A wurinmu yashi abu ne da akan tarar an jibge a ƙofar gidan da ake ginawa, yara su yi ta birgima a kai har mai gida ya fito ya kore su. In ya ƙare a kira mai tifa ya kawo wani, a yi ciniki, a biya. Ban taɓa jin wani ya tambayi mai tifa inda ya ɗebo shi ba, balle a tambaye shi abin da ya bari a wurin bayan ya ɗiba.

A dogon hutun da ya wuce na je wurin kawuna, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana tuƙin tifa a Legas. Wata rana da asuba ya tafi da ni maɗibar yashi a bakin tafkin Legas, ta wajen Ajah. Abin da na gani ya tsaya mini a rai. Mutane ne daga su sai gajeren wando, kowa da bokitinsa, su nutse ƙasan ruwa, su ciko bokitin, su fito su juye cikin kwale-kwale, su ja numfashi, su sake komawa. Haka za su yi ta yi har kwale-kwalen ya cika ya kusa nutsewa. Can gefe kuma ga wani inji mai dogon bututu yana zuƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa yana fesowa kan tudu, ba dare ba rana. Tifofi sun yi layi, kowace tana jiran a loda mata.

Da muka kama hanya na ce, "Kawu, yaushe za ka kai ni Bar Beach? Na sha jin labarinta."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ka makara. Teku ta cinye rabi, masu kuɗi sun binne sauran."

Wannan magana tasa ita ce mafarin wannan rubutu. Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda ke burin zama injiniyoyi da masu zanen gine-gine, da ma duk wanda ke mafarkin ya mallaki gidan kansa wata rana, shi ne: babu gidan da ake ginawa ba tare da an ɗauke wani abu daga wani wuri ba, kuma babu ruwan da ake tarewa bai nemi wata hanya ba. Sau da yawa wurin da aka ɗauke yashin, da wurin da ruwan ya koma, gidan wani talaka ne wanda ba a yi shawara da shi ba.

Bari mu fara da labarin Bar Beach ɗin, gama akwai darasi a ciki. Malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana cewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma igiyar ruwa ba ta dukan ƙasa kai tsaye, a karkace take zuwa, saboda haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Watau gaɓar teku kamar kogin yashi ce mai tafiya a hankali. Abin da igiya ta kwashe daga gabanka yau, gobe za ta kawo maka madadinsa daga wajen maƙwabcinka na yamma. Muddin ba a tare wannan tafiya ba, gaɓa tana nan inda take.

To, a zamanin Turawa yashin nan yakan taru a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas ya yi tudu a ƙarƙashin ruwa, har manyan jirage su kasa shigowa, sai dai su tsaya can cikin teku a yi ta jigilar kaya da mutane da ƙananan jirage. Don maganin haka, daga wajen 1908 aka shiga gina dogayen ganuwoyin dutse a bakin mashigar, da duwatsun da aka riƙa kawowa a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta. Aiki ya yi kyau, a 1914 manyan jirage suka fara shiga har cikin tasha, ciniki ya bunƙasa. Amma ganuwar ta datse kogin yashin nan. A yammacinta yashi ya yi ta taruwa, gaɓa tana ƙara faɗi. A gabashinta kuwa, inda Bar Beach take, igiya ta ci gaba da kwasa, ba mai kawo madadi. Shekara da shekaru teku tana cin gaɓar, gwamnatoci suna kashe kuɗi suna zuba sabon yashi, teku tana sake kwashewa. Zuwa wajen 2005 ruwa ya riga ya hau titin Ahmadu Bello, ya farfasa shi, yana barazana ga gine-ginen da ke jere a bakinsa, ciki har da ofisoshin da jihohi da dama suke da su a wurin.

Mai karatu ya lura, waɗanda suka gina ganuwar nan ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Matsalar da ke gabansu suka duba, suka warware ta. Wadda suka haifar kuwa ta bayyana ne sosai bayan sun mutu, a wani wuri dabam, a kan waɗansu mutane dabam.

Maganin da aka kawo a zamaninmu shi ne Eko Atlantic. A 2008 aka fara zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku ana cike wurin da ruwa ya cinye, da nufin a samar da sabuwar ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, a kewaye ta da wata ƙatuwar ganuwa da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5, wadda aka lulluɓe gabanta da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamar da filin. Yau akwai dogayen benaye a kai, kuma a 2022 Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a wurin. Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta: ganuwar ta ceci Victoria Island daga haukan teku. Kawu ya bi da ni ta titin Ahmadu Bello, ƙafarmu a bushe, teku ta yi nisa har ba a jin ƙararta.

Amma fa igiya ba ta daina zuwa ba, ba ta kuma daina neman yashi ba. Duk wanda ya gane labarin 1908 zai tambaya, yanzu kuma wa ke gabas? Amsa ita ce ƙauyukan masunta da ke jere a gaɓar Lekki. A watan Agusta na 2012 teku ta yi tunzuri da dare ta afka wa mazauna Kuramo, a gefen aikin, aka ba da rahoton mutum 16 sun salwanta, bayan haka kuma hukuma ta rushe bukkokin waɗanda suka tsira. Gaba kaɗan, a Okun Alfa, wadda aka fi sani da Alpha Beach, ruwa ya cinye hanya da gidaje da itatuwan kwakwa. Mazauna wurin sun daɗe suna cewa sabon birnin ne ya turo musu teku. Masu aikin sun musanta, suna cewa zaizayar ta girme wa aikinsu. Daga baya gwamnatin jiha ta jera waɗansu gajerun ganuwoyin dutse masu kutsawa cikin teku don su riƙe yashi a wannan yanki. Sun taimaka inda aka yi su. Sai dai kowace ganuwa tana da ƙarshe, kuma a bayan ta ƙarshe akwai wani ƙauye.

A nan ne nake ganin rashin adalcin yake. Ba na cewa kada a kare birni. Birnin da mutane fiye da miliyan 15 ke zaune a ciki, wanda tashar jiragensa ke ciyar da kasuwannin Kano da Kaduna da kaya, ba za a bar wa teku shi ba. Amma in za a kashe biliyoyi a kare filin da za a sayar da dala, to, kamata ya yi kuɗin kare masunta na gabas, ko na sake musu matsuguni na mutunci, ya shiga cikin lissafin tun ranar farko, ya kuma fito daga aljihun wanda zai ci ribar. In ba haka ba, an gina gidan mai kuɗi ke nan da ƙasar talaka, ba a biya shi ba.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a Legas. Kawu yana cikin garin a watan Yuli na 1990 sa'ad da gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana 7, sa'an nan ta turo katafila ta baje unguwar, a tsakiyar damina. An ƙiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa yana cinsa, bai dace ɗan Adam ya zauna ba. To, bayan an kore su sai aka zuba yashi aka yanka fulotai, yau wurin yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Ashe wurin yana gyaruwa, mazaunan ne ba a so a gyara wa. Irin haka ta sake faruwa a Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017, inda aka tashi masunta wajen 30,000 daga bakin tafki.

Yanzu mu bar bakin teku mu shiga cikin Lekki kanta, gama a nan ne laifin ya daina zama na gwamnati da manyan kamfanoni kaɗai, ya zama na duk mai fuloti. Yawancin yankin nan asalinsa fadama ce da dausayi, da kurmin waɗansu itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Mutum ya gan su zai ce wurin banza ne, sai sauro da kwaɗi. Alhali kuwa fadamar nan ita ce randar birnin. In an yi ruwan sama mai yawa ita ke shanyewa ta riƙe, ta riƙa sakinsa a hankali. Saiwoyin itatuwan kuma suna riƙe laka, suna karya ƙarfin igiya, a cikinsu ne kifi ke ƙyanƙyasa. Duk wanda yake so ya ga yadda Lekki take a da, sai ya je gandun da ƙungiyar kare muhalli ta Nijeriya ta keɓe a 1990, mai faɗin hekta 78. Ɗan tsibirin kore ne, gine-gine sun yi masa zobe.

Ga yadda abin ke tafiya, na kuwa gani da idona domin tifar Kawu na cikin masu yi. Mutum ya sayi fuloti a fadama, ya zuba yashi tifa bayan tifa har ya ɗaga shi sama da titi. Ya yi gini, ya zagaye da katanga, sa'an nan ya malale tsakar gidan gaba ɗaya da siminti, ko tafin hannu na ƙasa bai bari ba. Ruwan da a da yake kwanciya a fulotinsa yanzu sai ya gangara wa maƙwabci. Maƙwabci ya ga haka, shi ma ya ƙara yashi ya fi shi tudu. Haka kowa ke ture wa ɗan'uwansa, har ruwan ya ƙare a kan titi da ɗakunan masu gadi da leburori waɗanda ba su da kuɗin ciko. A watan Yuli na 2017 an ga mutane suna tuƙa kwale-kwale a titunan Victoria Island da Lekki, aka sake ganin irin wannan ambaliya a watan Yuli na 2024. Akan ɗora laifin a kan shara da ke toshe magudanai, kuma da gaskiya a ciki. Amma ko an share kowane lambatu tas, ruwan da aka ƙwace wa makwanci sai ya kwana a wani wuri. Ƙari a kan haka, tekun duniya ya ƙaru da wajen santimita 20 tun daga 1900 saboda ɗumamar yanayi, ƙasar da aka cike kuma tana lotsawa a hankali a ƙarƙashin nauyin benaye.

Wani zai ce, in yashi ne matsala, ai ga hamada can arewa da mu, a je a ɗebo mana. Ni ma haka na ce da Kawu. Ashe rairayin hamada iska ta goge shi ya yi sumul ya yi laushi, ba ya kama siminti yadda ake so. Na teku kuma yana da gishiri, in ba a wanke shi sosai ba yakan sa rodi ya yi tsatsa a cikin kankare. Saboda haka idon kowa yana kan na kogi da na tafki. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya tana cin yashi da tsakuwa tan biliyan 50 a shekara, ba abin da ɗan Adam ke ɗiba daga ƙasa fiye da su sai ruwa. Shi kuma siminti, yin sa yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, watau shi ma yana da hannu a tashin tekun da ake gina ganuwar kankare don a tare.

To mene ne abin yi? Ba zan yi ƙaryar cewa ɗalibi kamata yana da maganin abin da ya gagari injiniyoyi shekara 100 ba. Amma akwai abubuwan da ba sa bukatar digiri. Dokar tsara gine-gine ta Jihar Legas ta ce a bar mita 150 tsakanin gini da teku. A bi ta mana, a kan mai bukka da mai otal daidai wa daida. Fadamar da ta rage a hana cike ta, ko da wane ne ya saya. Wanda kuma ya riga ya yi gini, me zai hana a wajabta masa ya bar wani kaso na tsakar gidansa ƙasa, da ciyawa da itace, don ruwa ya sami inda zai nutse?

Akwai kuma abin koyo a wurin waɗanda ake rainawa. Masuntan Makoko sun shafe fiye da shekara 100 suna kafa gidajen katako a kan dogayen turaku a cikin tafki. Ruwa ya ƙaru ya wuce ta ƙarƙashinsu, ya ragu ya koma, ba su ture shi ga kowa ba. Ba ina yabon zaman Makoko ba ne, gama na ga ƙazantar ruwan, na ga inda bayan gida ke zuba, ba wanda zai so wa ƙaninsa wannan. Dabarar ɗaga gida a bar wa ruwa hanya ita nake nufi. Wani mai zanen gine-gine, Kunle Adeyemi, ya gwada ɗaukar dabarar ya ƙara mata ilimin zamani, ya gina makaranta mai yawo a kan ruwa bisa gangunan roba a 2013. A 2016 ta rushe bayan wani ruwa mai ƙarfi, an yi sa'a an riga an kwashe yara daga cikinta. Waɗansu suka yi ta dariya. Ni dai a ganina gwaji ɗaya da ya faɗi bai isa a yar da tunanin ba, benayen kankare nawa suka rufta a Legas, wa ya ce a daina kankare?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne batun ginin ƙasa, domin mu ne ya kamata mu koya wa mutane, sai ga shi mu ne kan gaba wajen gudunsa. Kakanninmu sun yi gini da tubali da azara, suka shafe da makuba, ɗaki ya yi sanyi da rana ya yi ɗumi da hunturu, ba fanka ba janareta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau masana daga ƙasashen waje suna nazarin bakan gizonsa. Amma yau in saurayi ya ce zai yi ginin ƙasa sai a ce talauci ya kama shi, wataƙila ma a hana shi aure. Ya gwammace ya ci bashi ya yi bulo da kwano, sa'an nan watan Afrilu ya zo ya kwashi tabarma ya kwana a waje.

Ba cewa nake a koma wa ginin da sai an yi masa yaɓe kowace shekara ba. Yanzu akwai injin da ke matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, ya fitar da tubali mai ƙarfi da kyan gani, wanda ba ya cin yashin kogi kamar bulo. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando da irinsa a 2001, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine. A Nijar, Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen bene da shi a Yamai a 2016, da masallaci da ɗakin karatu a Dandaji a 2018. A gaɓar teku inda ruwa ke kwanciya dole a ɗaga harsashi da dutse ko kankare, a kuma yi rufi mai faɗin baki don kare bango daga ruwan sama. Amma ko bangon sama da na cikin gida kawai aka yi da tubalin ƙasa, tifofi nawa za a rage?

Da na dawo gida na fara ganin Legas a unguwarmu, ko da yake tsakaninmu da teku tafiyar kwana guda ce a mota. Kududdufin da ke bayan gidanmu, wanda daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina tsofaffin gidajen unguwar, kuma shi ke shanye ruwan layinmu duk damina, an cike shi da shara da ɓaraguzai an yanka fulotai huɗu. Bara ruwa ya shiga gidaje bakwai a layin, har da na wata tsohuwa da ta ce tun aurenta ba ta taɓa ganin ruwa a ɗakinta ba. Rafin da muke wanka muna yara kuma masu tifa sun ƙwaƙule shi, gaɓarsa tana zubewa tana cin gonakin mutane, ramukan da suka bari sun zama tarko ga yara in ruwa ya kawo.

Ranar da zan baro Legas na ce da Kawu, "Kawu, kai da ka san duk wannan, me ya sa kake ɗibar yashin?"

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Da kuɗin yashin nan na biya wa 'yan'uwanka makaranta. In na ajiye makulli yau, gobe wani zai ɗauka. Ku da kuke karatu, ku zo ku canja abin da ake oda, mu direbobi abin da aka ce mu kawo shi muke kawowa."

Ɗakin da yake haya yana bayan wani sabon rukunin gidaje da shi kansa ya yi wata uku yana kai wa ciko. A bangon ɗakin akwai zanen laka daidai gwiwata, inda ruwan 2024 ya tsaya. Gadonsa kuwa ya ɗora shi a kan bulo, biyu biyu a kowace ƙafa, ya ce in damina ta kama zai ƙara na uku.